Motar Da Ta Kashe Injiniya Gastaldi

Da hantsi aka buga waya ofishin 'yan sandan birnin Torino. An tsinci gawa a filin gwajin motoci na wata masana'anta.

Sufeto Dalmasso ya tarar da Injiniya Ennio Gastaldi kwance rub da ciki. Mota ce ta buge shi ta baya. Babu alamar an taka birki.

"Me ka ji?" ya tambayi maigadi.

"Ko tari ban ji ba, yallaɓai."

"A take mutum a gabanka, ba ka ji ƙarar inji ba?"

"Ai akwai wadda ba ta da ƙara. Mai batir ɗin nan da marigayi ya ƙera."

A gareji ya iske Pieranna, sakatariyar mamacin, tsaye kusa da motar.

"Tun jiya ba wanda ya taɓa ta," in ji ta.

Sufeto ya ɗaga murfin motar, ya ɗora tafinsa kan batir. Da ɗumi. An wanke gaban motar, ruwan bai ko bushe ba.

"Wa kika ba makulli?"

Ta nuna masa tsallaken titi. "Fulvio, direban gwaji. Don Allah ku bi shi a hankali."

Fulvio na zaune a shagon kofi na tsallaken titi, kofinsa ya huce bai kurɓa ba.

"Tun sassafe ina nan," ya ce.

"To me ya jiƙa maka hannun riga?"

Fulvio ya dubi hannunsa kamar na wani ne. Da ya buɗe baki, muryarsa ba hawa ba sauka.

"Bara 'yata Nives ta kawo mini abincin rana. Na shawo kwana da motar nan, ita kuma tana tsallakawa. Ba ta ji zuwana ba. Ni ne a sitiyari."

Fulvio ya ci gaba.

"Da aka binne ta, na roƙi injiniya ya sa wa motar ko da ƙararrawar keke ce. Ya ce ai shirun nan shi mutane za su saya. Jiya ya sanar da mu za a fara fitar da irinta cikin gari."

"Sai yau fa?"

"Yau na gan shi yana tafe a gabana. Na ce bari in ga ko shi zai ji. Bai waiwayo ba."

"Ka san abin da ka aikata?"

"Na sani. Ji ne dai ba na yi a raina, Sufeto. Tun bara."

Ya miƙo hannuwansa da kansa, aka sa masa ankwa.

Motar 'yan sanda na ɗaya gefen titin. Sufeto ya sa ƙafa zai tsallaka, Fulvio ya riƙo gefen rigarsa.

"Tsaya tukuna," ya ce.

Ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu. Babu komai a titin. Sannan suka wuce.