Wutar da Ba Ta Ɗauke Ba

Ana sallar la'asar aka kira Sufeto Bakari wani ƙaramin asibiti a Gwallameji. Jariri ya mutu a kwalbar renon jarirai, iskar numfashi ta ƙare masa, ƙararrawar da ke tsaronsa ba ta yi ƙara ba.

Ya tarar an tsare nas Phoebe a ofis, idonta ya kumbura.

"Oga, ina ɗakin haihuwa. Wallahi ban ji komai ba."

"Ƙarya take, Yallaɓai," in ji Mansir, ƙanen mai asibitin, shi ne kuma ya rubuta shirin kwamfutar da ke sarrafa ƙararrawar. "Ni ma yanzu na shigo. Duba ka gani."

Ya zare wata wayar wuta daga jikin na'urar ƙararrawar. Ƙara ta cika ɗakin.

Bakari ya dube shi, ya hango abin da ya leƙo daga aljihunsa. Mutum ya zo ta'aziyya da sukudireba a aljihu?

Ya aika aka ɗauko Joel, masanin kwamfuta na hedikwata. Joel ya jona na'urar da kwamfutarsa, ya daɗe yana taɓe baki.

"Da yaren C aka rubuta shi, Oga. A C, in shiri ya ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da malloc, sai ya mayar da free. Wannan kuwa, duk awon da ya yi sai ya ara, ba ya mayarwa. Na bi shi da valgrind, ga yoyon nan."

"Yi min Hausa."

"Mai tuwo ce ke ba da kwano, ba a dawo mata da shi. Ranar da kwanuka suka ƙare, ba tuwo. Ƙwaƙwalwa na cika, shirin ya sume."

"To me ya hana shi suma tun bara?"

"Ɗauke wuta. Tana ɗaukewa, na'ura ta mutu ta tashi da ƙwaƙwalwa fanko."

Bakari ya ɗaga kai. Ta taga ya hango sababbin farantan sola suna sheƙi a kan rufi.

Ya koma wurin Phoebe.

"Mansir yana taɓa na'urar nan?"

"Da dai, in wuta ta kwana biyu a tsaye, yana zuwa ya kashe ya kunna. Tunda aka sa sola ya ce aiki ya masa yawa."

"Wa ke da makullin akwatinta?"

"Shi kaɗai."

Joel ya leƙo. "Oga, na'urar ta nuna bayan azahar aka sake kunna ta. Bayan yaron ya cika."

Bakari ya ja kujera gaban Mansir.

"Ka ce yanzu ka shigo. Aljani ka ba makulli?"

Bakari ya ƙara matsowa.

"Ka san da yoyon?"

Mansir ya sunkuyar da kai. "Tun farko. Layi ɗaya ne, Yallaɓai. In na ce a cire na'urar a gyara, Yaya zai san aikina da aibi. Kullum cewa nake gobe."

"Sai ka lallaɓo ka tashe ta, nas ta tafi gidan yari a madadinka."

Ankwa ta yi ƙas a hannunsa.

A baranda uwar jaririn na zaune, zanen goyo a ninke a cinyarta. Ta tare Bakari.

"Ranka ya daɗe, me ya kashe min ɗa?"

Ya tsaya a gabanta.

"Mu fa murna muka yi," ta ce a hankali. "Cewa aka yi a nan wuta ba ta ɗaukewa."