Layin da Baba Ya Rubuta

Ranar da suka fara haɗuwa, kwana biyu ke nan ɗakin karatun yana aiki da biro da takarda. An ɗauke wuta an dawo da ita, amma sabar, wato babbar kwamfutar da ke ƙaramin ɗakin baya, ta ƙi komawa aiki. Akwatin ƙarfe ne guda ɗaya, sai dai a cikinsa kwamfutoci uku ke zaune, waɗanda ba su da jiki sai aiki. Ɗaya na riƙe da jerin littattafai, ɗaya katunan masu aro, ɗaya kuma intanet ɗin zaure. Manhajar da ke tayar da su ce ta ƙi tashi.

Ma'aikaciyar da ke kula da jerin littattafan, wadda kowa ke kira Tabarau saboda kaurin gilashin idonta, ta yi rubutu da hannu har yatsanta ya kumbura. Tana cikin murza shi wani saurayi ya tsaya a gabanta, jaka a kafaɗa, idanunsa jajir don gajiya.

"Sannu da aiki, Malama. Ni ne injiniyan da aka kira. Ina majinyacin?"

Sai da ta ɗan yi jim kafin ta gane wasa yake yi. Ta miƙe da sauri har ta zubar da kwalin biro.

Ɗakin sabar ba shi da taga. Ta juya masa fankar da ta kawo daga gida watan jiya, wadda da ƙyar ta samo mata soket a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Allah ya saka miki. Ofis na huɗu ke nan da na shiga yau, ke kaɗai kika tuna ni ma ina jin zafi."

Ya ba manhajar umarnin tashi, ta yi kamar za ta amsa, ta koma ta kwanta. Ya sake, haka. Ya buɗe inda take rubuta ƙorafinta, yana karantawa yana tsaki.

"Lafiyarta kalau, wallahi. Wani ne ya rubuta mata layi, wai kada ta tashi sai an cika wani sharaɗi. Wane rikitaccen tsoho ne ya ɗaura wa mutane wannan wahala?"

Tabarau ta san tsohon. Da safen nan ma ita ta kai masa shayi. Babanta ne ya haɗa sabar da hannunsa, kafin ya yi ritaya bara. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita, kamar yadda ta saba yi mata tun tana ƙarama. Ta gyara tabarau kawai.

Injiniya ya sa wata 'yar alama a farkon layin, ya rufe shi don manhajar ta tsallake shi. Nan take kwamfutocin uku suka farka ɗaya bayan ɗaya. Daga zaure aka ji wani ya ce, "Ta dawo!" Ya juyo yana murmushi, a nan ne ta lura yana da 'yar wushirya.

"Ba ni lambarki, ko da majinyaci zai sake zazzaɓi."

Washegari saƙo ya shigo: "Malama Tabarau, yaya mai jiki? Mai jinya fa, yatsan ya saɓe?"

Sau huɗu tana rubuta amsa tana gogewa. A ƙarshe ta tura: "Duk da sauƙi. Na gode."

Daga nan ya zama mai aron littafi. Duk Laraba sai ya zo, ya ce ta zaɓa masa mai daɗi, ya dawo da shi bayan mako, 'yar takardar alama tana shafi na tara.

"Ba ka karanta ba," in ji ta.

"Na karanta mai ba da aron, ai ya isa."

Ta sunkuyar da kai. Wata uku ana haka. Shi kullum a gajiye, daga wannan ofis zuwa wancan, ita kuma kullum da maganar da ta kasa faɗa masa. Wani lokaci daga cikin mota zai rubuto: "Tabarauna, yau na ga allo har ya ishe ni. Fuska ɗaya nake son gani." Sai ta rufe wayar da littafi, kamar wani zai leƙo.

Abin da ba ta sani ba, rahoton da ya rubuta a kan gyaran ya yi tafiya. Shugabar ɗakin karatu ta karanta shi a taron ma'aikata, wani kuma ya ɗauki kwafi ya kai wa Baba har gida. Sai ga ɗan abokin Baba, mai shagon sayar da kwamfutoci, ya fara zirga-zirga. Da safe yana ofishin shugaba da hoton sabuwar saba, da yamma yana falon Baba yana juya makullin mota a yatsa, yana tambayar lafiyar Tabarau, wai ƙanwarsa. Baba ya ce, "Yaron nan dai ya san girman manya."

Ranar da Injiniya ya zo gaisuwa, ya durƙusa a gefen kujera. Baba ya zaro takarda ninki huɗu daga aljihu, ya sa gilashinsa, ya karanta a hankali.

"'Wanda ya tsara wannan saba ya cusa sharaɗi marar amfani, alamar rashin sanin aiki.' Kai ka rubuta?"

Injiniya ya dubi takardar, ya dubi Tabarau da ke raɓe a bakin ƙofa. Fuskarsa ta sauya.

"Ni ne, Baba. Ban san..."

"Shekara goma sha bakwai ina shiga ɗakin karatun nan. Yau masu gadi ma sun ji ban san aiki ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka karanta abin da na rubuta a saman layin?"

"Ina sauri ne a ranar, Baba."

"To, ka yi saurin fita."

Umma ta ce, "Haba Malam, ko ruwa bai sha ba."

"Wanda bai tsaya ya karanta layi biyu ba, shi zan ba 'yata?"

A bakin get Injiniya ya tsaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kina tsaye a bayana na zagi mahaifinki, kika yi shiru. Wata uku. Dariya kike min?"

"Na so in faɗa..." Sauran ya maƙale. Ya jira, ya jira, sannan ya rataya jakarsa ya tafi.

Kwana uku babu saƙo. Laraba ta zo ta wuce. Tabarau ta jera littattafan tarihi a wurin na lissafi, sai da abokiyar aikinta ta tambaye ta ko idon ne ya ƙaru. A rana ta huɗu ta rubuta, ba ta goge ko harafi ba: "Ban yi maka dariya ba. Tsoro na ji kada ka daina zuwa. Yanzu ga shi ka daina."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Ban daina ba, kunya ce ta riƙe ni. Na nemi izinin shugaba. Asabar da safe, kafin a buɗe. Zan buɗe layin, ina so ki tsaya kusa da ni."

Asabar ɗin ya zauna a gaban allo, ya gangara zuwa layin, wannan karon ya ɗaga ido sama kaɗan. Ga abin da Baba ya rubuta: "Idan akwatin kwafi ba ya nan, kada a tashi. A nemo shi tukuna. Aikin mutane ne a ciki."

Injiniya ya shafa fuskarsa da tafi biyu. Ya goge 'yar alamar, ya kashe komai, ya sake ba da umarni. Manhajar ta ƙi tashi, kamar ranar farko.

"Akwatin kwafi shi ne inda take ajiye na biyun komai, ko da babban ya lalace. Ta ce ba ta gan shi ba."

Ya durƙusa yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ƙura tana hawa gwiwar wandonsa. A can ƙarƙashin tebur ya sami wani ƙaramin akwati mai launin toka, fitilarsa a mace. Filoginsa na yashe a ƙasa. A soket ɗinsa kuwa, filogin fanka ne.

Tabarau ta zame ta zauna a ƙasa. "Ni ce. Na ɗauka tsohon abu ne da ba a amfani da shi."

"Wata huɗu ba kwafi," ya faɗa a hankali. "Da babban ya mutu a tsakani, da jerin littattafan nan kaf ya tafi. Ke filogi kika cire. Ni kuwa mai gargaɗin na toshe wa baki."

Ya zare na fankar, ya mayar da na akwatin. Fitila ta kama. Da ya sake ba da umarni, manhajar ta tashi lafiya lau. Suka zauna cikin zafi suna zufa, suna kallon kwafi yana tafiya kaɗan-kaɗan.

"Zan sake rahoto," ya ce. "Ba sai an ambaci fanka ba, abar ƙaunata."

"A'a." Ita kanta sai da ta ji mamakin muryarta. "Shiru ya ishe ni. Sakin layin ƙarshe ni zan rubuta."

Shugaba ta karanta sabon rahoton a taron Litinin, aka ajiye maganar sayen sabuwar saba. Da yamma suka kai wa Baba. Kafin ya buɗe, Tabarau ta tsaya a tsakiyar falo, ta ba da labarin fanka daga farko har ƙarshe. Umma ta riƙe haɓa.

Baba ya karanta sau biyu. Bai ɗago ba ya ce, "Kwafin ya kammala?"

"Ya kammala, Baba. Na kuma gwada dawo da shi, ya dawo daidai."

Sai a nan Baba ya ɗago. "Ka gwada?"

"Na gwada."

Tsohon ya ninke takardar. "Wancan mai makullin, na tambaye shi ina kwafi zai zauna a sabuwar sabarsa, ya ce min ai akwai baƙa akwai fara." Umma ta fashe da dariya. Baba ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya ƙoƙe, ya miƙa wa Injiniya. "Duk abin da na yi wa injin nan yana ciki. Na ji an ce a shafi na tara kake tsayawa. Ka gama wannan, sannan ka turo manyanka."

A kwana biyu ya gama.

An ɗaura aure bayan wata biyu, 'yan uwa da ma'aikatan ɗakin karatu suka cika gida. Da za a tafi da amarya, Baba ya ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke ki riƙa magana, kai kuma ka riƙa karantawa har ƙarshe."

Sannan ya miƙa wa ango wani ƙunshi. Da suka kwance, doguwar soket ce mai baki huɗu. A jikin bakin ƙarshe an manna 'yar takarda da rubutun Baba: "Na fanka."