Furen Bayan Njuwa

Keturah! Wayyo Keturah, ya faru! Saƙon ya iso yau! Matso nan, ajiye jakar, bari numfashina ya dawo. Bishiyar Adda Nahla sabuwa ce, masana sun tabbatar, ba a taɓa rubuta ta ba a duk duniya! Amma wallahi ba ki san yadda aka samo furenta ba.

Kin san yayata ilimin tsirrai take karantawa a jami'a. Bara suka shiga kurmi can bayan Toungo, ta dawo da ganyen wata bishiya, tsawonsa kamar hannunki, samansa na ƙyalli, ƙasansa launin tsatsa. Malamanta suka juya shi, suka sake juyawa, suka ce ganye kaɗai bai isa ba, sai da fure da bayanin ɓawo. Komawa kurmin kuwa babu hali, masu garkuwa da mutane sun tare hanya. Aikinta na kammala karatu ya tsaya cak.

Sai Zadok, ɗan ajinsu, ya ce ya hango irinta a wani tsohon lambu bayan tafkin Njuwa, wanda masu shi suka gudu tun lokacin tashin bama-bamai. Furen kuma ba ya buɗewa sai rana ta faɗi.

Adda ta ce wa Inna za ta je sayen alayyahu.

Keke ya sauke su, ita da Zadok, inda kwalta ta ƙare. Suka bi kunyar gonakin shinkafa, kwaɗi na ta kuka, masu kamun kifi na naɗe raga. Daga nesa aka fara kiran magariba a cikin Yola. Suka tsallake wani rusasshen shinge.

Kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an kashe rediyo.

Sanyi ya daki fuskarta. Lokacin zafi ne fa, amma ƙasar wurin jiƙe take, tana ƙamshin ruwan farko. Ga bishiyar nan tsaye, saiwoyinta sun tashi kamar katangu, sun fi Adda tsawo. Furannin ba a reshe suke ba, daga jikin kututturen suka tsiro, farare, a dunƙule kamar hannun jariri.

"Nahla, tsinki mu tafi," in ji Zadok a hankali.

"Sai na ga ɓawon," ta ce.

Haka ake koya musu, a ɗan sari ɓawo, a duba launinsa, a shinshina. Hannunta ya saba. Ko bisimilla ba ta yi ba, ta ɗora wuƙa.

Ruwan ya fito fari. Ya koma rawaya. Ya koma ja.

Ya gangaro kan yatsunta, da ɗumi. Ƙamshinsa kamar tafasasshen nono da citta.

Bishiyar ta yi ajiyar zuciya.

Babu iska, Keturah. Ganye ɗaya bai motsa ba. Sai furannin suka fara buɗewa, ɗas, ɗas, ɗas, kamar leɓuna. Duk suka juyo suna fuskantarta.

"Nahla."

Muryar Inna ce. Daga tsakanin saiwoyin.

"Nahla, 'yata."

Bakinta ya buɗe da kansa, "na'am" ta taho har kan harshenta. Zadok ya toshe mata baki da tafinsa.

"Kar ki amsa," ya raɗa mata. "Ni ma ana kirana. Muryar babana ce."

Baban Zadok ya daɗe da rasuwa.

Ƙafafunta suka ce gudu. Amma ga furen nan a gaban hancinta, shi ne duk wahalar da ta sha. Ta rufe ido, ta miƙa hannu, ta fizgo biyu.

Wani abu ya riƙe hijabinta ta baya.

Ta ja. Aka ja.

Ta sunkuya ta zame kanta, ta bar shi a nan. Suka faɗa cikin taɓon shinkafa, takalminta ɗaya ya nutse, ba ta waiga ba. A bayanta muryar ba ta ɗaga ba, a nitse take, dab da kunnenta.

"Ke da za ki raɗa mini suna, ba za ki tsaya mu gaisa ba?"

Sai da suka taka kwalta kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ta ce wa Inna ƙaya ce ta yaga hijabin. Ni kaɗai ta gaya wa gaskiya. Ta danne furannin a tsakanin tsofaffin jaridu, kamar yadda suke yi a jami'a. Ɗaya ya bushe, shi aka aika wa masana. Ɗayan yana ƙarƙashin gadonmu, ya ƙi bushewa. Da an kira magariba sai jaridar ta kumbura, ɗakin ya cika da ƙamshin nono da citta. Ni yanzu a falo nake yin aikin gida. Zadok kuwa ko a aji aka kira sunansa, sai ya ga bakin mai kiran kafin ya amsa.

To saƙon yau cewa ya yi sabuwa ce tabbas, har da taya murna! Na yi tsalle, na yi ihu. Amma a ƙarshe sun ce kafin a sa wa bishiyar suna, sai an kawo 'ya'yanta.

Adda ta karanta saƙon, ta ajiye wayarta. Sannan ta ce in ara mata hijabina na Islamiyya ranar Asabar.

Don Allah Keturah, don girman Allah, kar ki faɗa wa kowa tukuna. Ko mamanki. In ta ji, Inna ta ji.