Sunan da Umma Ba Ta Faɗa

Akwai wata yarinya a birnin Alƙahira. A gida Ummi ake ce mata, domin sunan kakarta ta ci, kuma ba mai kama sunan nan. Babanta yana aiki a ofishin jakadanci a unguwar Mohandessin. Makarantarsu ma a can take, cike da yara daga ƙasashe iri-iri.

Wata rana Malama Mawada ta ce kowa ya zano asalin gidansu, tun daga uba har kakan kaka.

Ƙawar yarinyar, Orla, 'yar ƙasar Ireland, ita ta fara kawo nata. Takardar doguwa ce har tana jan ƙasa. Kakanninta masu manyan filaye ne, kuma da yawansu sojoji ne. Ta nuna hoton wani mai gashin baki da takobi.

"Wannan kakan kakata ne," in ji Orla. "Hafsan soja ne. A nan Masar ya rasu, amma ba mu san kabarinsa ba. Babana yana ta nema. Kakata ta tsufa, so take ta ga hoton kabarin."

Da yarinyar ta koma gida, ta tarar da Umma tana yanka ganyen miyar mulukiyya.

"Umma, yaya sunan baban Baba?"

Umma ta sunkuyar da kai. "Ke Ummi! Ni zan kama sunan surukina? Ki jira Babanki ya dawo daga Iskandariya."

"To sunan kakansa fa?"

"Khalas, ya isa. Na ce ki jira."

Amma ba ta jira ba. Ta dubi takardarta fara fat, ta tuna da ta Orla. Sai ta rubuta: Kanar Bukar, babban soja a Masar.

Washegari Orla ta gani, ta zaro ido. "Soja a Masar? Ƙila ma ya san namu!"

"Ai abokinsa ne," in ji yarinyar. "Babana ma ya san inda kabarin yake."

Maganar ta fita kafin ta yi tunani. Orla ta rungume ta.

Da gari ya sake wayewa, Orla ta zo da gudu. "Babana ya kira kakata a waya, har ta yi kukan murna! Ran Asabar zai zo gidanku."

Gaban yarinyar ya faɗi. Tun daga ranar abinci ya daina shiga. In aka taɓa ƙararrawar ƙofa sai ta zabura. In ta tayar da salla sai ta manta raka'a nawa ta yi.

Ran Juma'a Baba ya dawo. Ta kasa haɗa ido da shi. Ran Asabar da safe Umma ta taɓa goshinta.

"Ba zazzaɓi. To mene ne, Ummi?"

Sai ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Innalillahi," in ji Umma a hankali. "Yanzu tsohuwa tana can wata ƙasa tana jiran abin da babu?"

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bakinki ne ya ƙulla, shi zai kwance. Yalla, tashi ki wanke fuskarki."

Ba a jima ba baban Orla ya iso, ɗauke da kyamara da furannin da zai ajiye a kabarin. Yarinyar ta tsaya a gabansa. Da Turancinta na makaranta ta ce babu wani Kanar Bukar. Ta ce Babanta bai san kabarin ba. Ita ta ƙirƙira.

Mutumin ya dubi furannin da ke hannunsa. Orla ta juya mata baya.

"Ma'alish, ba komai," in ji shi da Larabcinsa mai tsami. "Sai dai in sake kiran mahaifiyata."

"Don Allah ni zan gaya mata," in ji yarinyar.

Aka kira tsohuwar. Ta saurara, sannan ta ce, "Na ji zafi, 'yata. Amma na yafe. To su wane ne kakanninki na gaskiya?"

Baba ya gyara zama zai fara. Nan da nan Umma ta miƙe ta ce shayi yana kan wuta. Baba ya yi dariya, ya bayyana wa baƙin cewa kunyar sunayen take ji.

"Sunan babana Issa," in ji shi, yana duban 'yarsa. "Sunansa ƙaninki ya ci, shi ya sa Ummanki ke ce masa Baffa. Baban Issa kuwa Rashid, majemi ne a Damagaram. Da ƙafa ya tafi Makka ta ƙasar Sudan, yana jimar fata a hanya yana ciyar da kansa."

"Da ƙafa?" in ji Orla. Ta manta tana fushi.

Kafin su tafi, Baba ya ce zai riƙa raka baban Orla nema, tunda shi yana jin Larabci. Bayan wasu makonni suka sami kabarin a wata tsohuwar maƙabarta. Aka aika wa tsohuwar hoton.

A aji kuwa, yarinyar ta goge Kanar Bukar a gaban kowa. Ta ba da labarin Rashid majemi. Malama Mawada ta ce, "Tamam, ya yi kyau."

Daga nan ta gane cewa ƙarya ba ta tsaya wa mai ita kaɗai, tana iya tafiya ta cuci wanda ba ka taɓa gani ba. Kuma ba a aron kakanni. Waɗanda Allah ya ba ka, su ne naka, kuma sun isa ka faɗi sunansu da murna.