Fuskar da Ke Bangon Mujalla

Aiken ba mai wuya ba ne. Ammu Bature ya ce wa Rabo ya zuba mujallu arba'in a buhu, ya kai su bayan gidajen Harra ta Yamma, ya tona rami ya binne kafin a kira magariba. Takarda ce mai rubutun Larabci, ba a rasa sunan Allah a cikinta, don haka ba a zuba ta a bola.

A 1978 aka yi wannan. Rabo mutumin Gumel ne, yana aiki a siton wani kantin littattafai a Madina, ƙarƙashin Ammu Bature, wani dattijo Bahaushen Sudan da kowa ke kira Ammu, wato baffa. Duk mujallar da ta shigo daga waje da hoton mace a bangonta, Rabo zai tsoma buroshi a baƙar tawada ya rufe wuya da damatsa kafin a kai ta gaban kanti. Tun da aka kai matarsa Rakiya maƙabartar Baƙi'a, wata bakwai ke nan, hannunsa ne kawai ke zuwa aiki. Bai yi kuka ba. Mutane suna ta yabon haƙurinsa. Haƙurin ina! Mutumin ba ya jin komai ne kawai, ko gishiri a miya.

Abu ɗaya ya rage masa, ɗan hoton fasfon da ta zo hajji da shi, yana maƙale cikin littafin igamarsa, wato izinin zama, a aljihun gaba. Ba su haihu ba, balle wani ya ɗauko kamanninta. Kullum sai ya duba hoton, don ya lura in ya kwana biyu bai duba ba, fuskar takan fara dushewa a ransa.

A makon nan aka kawo kwali takwas na wata tsohuwar mujallar labarai, Samarul Khamis, wato hirar Alhamis. Ammu Bature ya san ta tun yana saurayi a Wad Madani, kuma in ya kama zancenta sai shayi ya huce.

"A Alƙahira aka fara ta kafin yaƙin Hitila, a kan takarda mafi arha, wadda ke yin rawaya tun ba a gama karantawa ba. Labaran ɓarayi da na soyayya, kowane mako a yanke maka a daidai wurin daɗi. Takarda ta yi tsada, ta mutu. Wani ya saye sunan ya tashe ta a Berut. Masu zane uku suka yi mata aiki, ba wanda ya san wani, amma mace ɗaya suke zanawa, fuska ɗaya, shekara arba'in ba ta tsufa. Da sabon mai ita ya ce a cire matar a sa hoton 'yar fim, a makon maɗaba'ar ta ƙone. Suka ce yaƙi ne. Wannan ragowar a kilo aka sayo." Ya ɗaga yatsa. "Ka rufe abin da aka ce ka rufe, ya waladi, ɗana. Bas, shi ke nan. Kar ka taɓa fuskar."

Rabo ya ce to. Da la'asar dattijon ya leƙo, ya tarar an shafe fuska arba'in ƙurmus. Rabo bai ma san ya yi ba. Ammu Bature bai yi faɗa ba, ya yi sauri ya miƙa masa buhu da 'yar fartanya, ya ce a binne su yau.

Rabo ya bi hanya a ƙafa. Ya wuce gidan burodi, ya wuce gini na ƙarshe da ba a gama ba, sai harra, filin baƙaƙen duwatsu, har yanzu suna fitar da zafin rana. Wanda ya san harra ya san ba a tona ta da sauƙi. Ya yi ta neman ƙasa mai laushi har rana ta yi ja. Da ya samu, ya durƙusa ya hau sara, ko bismilla bai tuna ba.

Sai ya ji ana buɗe shafi.

Ba iska. Buhun yana gefensa a ɗaure. Ya ci gaba da sara.

Aka sake buɗe wani, a hankali, irin na mai lasar yatsa kafin ya juya. Warin ɗanyar tawada ya cika masa hanci, alhali tasa ta bushe tun la'asar.

Ya waiga.

Mace ce zaune a kan dutse, da jar rigar da ke bangon mujallar. Wuyanta da damatsanta a rufe da baƙi, layi-layi, ya gane sawun buroshinsa. Inda fuska za ta kasance, tawada ce jiƙe, tana ɗiga a cinyarta. Ɗis. Ɗis.

"Malam Rabo," in ji ta, da Hausa, ƙasa-ƙasa. Muryar kamar ana murza tsohuwar takarda. "Wuya na yarda. Hannu na yarda. Me fuskata ta yi maka?"

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ya tarar da harshensa kamar na aro.

"Gobe Alhamis. Ban taɓa fita ba fuska ba."

Ta miƙe. Bai ji takunta ba, sai ƙarar shafuka, tana matsowa.

"Ka ba ni wata."

Ta miƙo hannu. Yatsun baƙi ne, jiƙe. Ya ji sanyinsu a gaban hancinsa tun ba su taɓa shi ba.

Wata bakwai bai ji komai ba. Yanzu ya ji tsoro, tsoro tsantsa, har cikin haƙori. Hannunsa ya faɗa aljihu, ya zaro abin da ya fara taɓawa, ya kare fuskarsa da shi. Littafin igamar ya buɗe.

Hannun ya tsaya.

"Wannan ma ta yi," in ji ta.

Wani abu mai laima ya goga a kan takardar, sau ɗaya. Daga nesa ladanin Harami ya ɗaga murya. Rabo ya bar buhu da fartanya da takalmi ɗaya, ya zura a guje, duwatsu na yanka masa tafin ƙafa, bai tsaya ba sai a ƙofar gidan burodi.

A ƙarƙashin fitilar mai burodin ya buɗe igamar. Hotonsa na nan lafiya lau. Na Rakiya kuwa ɗankwalinta na nan, kafaɗunta na nan, tsakiya baƙi ƙirin. Ya rufe ido ya neme ta a ransa. Ya tuna muryarta, ya tuna yadda take tari in tana soya barkono, ya tuna tsagar da ke kumatunta. Fuskar da tsagar ke kai ce babu. Ya san shi ya miƙa ta don ya tsira da tasa, ya jira abin ya yi masa ciwo, shiru.

Washegari ya je aiki, don bai san inda kuma zai je ba. Ammu Bature ya dubi ƙafarsa da ke naɗe da tsumma. Ya sa wuƙa ya farke kwali na ƙarshe, ya ɗauko mujallar da ke sama, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"La haula wa la ƙuwwata," ya ce. "Rabo. Ya waladi, zo ka gani."

Jar rigar ce dai, da wuyan nan a buɗe. Amma matar baƙa ce, da tsaga uku-uku a kumatu, tana ɗan murmushi. Haka ta biyu, haka ta goma, har ƙasan kwali.

"Rakiya ce," in ji dattijon, hawaye na bin gemunsa. "Shekara biyar tana kawo maka abinci nan. Wallahi ita ce."

Rabo ya karɓa ya kai bakin taga. Ya duba goshin, ya duba idanun, ya daɗe yana dubawa. Kyakkyawar mace ce. Bai taɓa ganinta ba.

"Ita ce, Ammu?"

"Ita ce mana."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo kujerarsa, ya buɗe kwalbar tawada, ya fara rufe mata wuya da damatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ɗari biyu, kada baƙin maza su gan ta haka. Bai taɓa fuskar ba. Bangon guda ɗaya ya ajiye, yana nan cikin aljihunsa inda hoton yake a da. Kullum yakan ciro ya duba, ya gaya wa kansa Ammu Bature ba ya ƙarya.