Kwalbar da Aka Samu a Jakar Auta

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis aka bugo wa 'yan sanda waya daga asibiti. Allurar kashe zafi guda ashirin, irin wadda ake kullewa a kabad, ta ɓace daga ɗakin magani. An ce ma an kama ɓarauniyar.

Da Sufeto ya shiga, sai ya tsaya turus. Yarinya ce 'yar shekara sha shida, farar rigar aiki ta yi mata yawa har ta naɗe hannuwan. Auta ake ce mata. Tana cikin 'yan sakandaren da ake turawa wuraren aiki na mako biyu, su ga yadda sana'a take kafin su zaɓi tasu. Ita haɗa magani take so.

Shugaban ɗakin, dattijon da kowa ke kira Baban Ɗalibai saboda duk shekara shi ke fara karɓar yara, ya miƙo wata 'yar kwalba da babu komai a ciki.

"A jakarta na samu, Yallaɓai. Wallahi kamar 'yar cikina na ɗauke ta."

Sufeto ya duba kabad ɗin. Ba a ɓalle shi ba.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni. Amma shekaranjiya na ba ta ta riƙe mini."

"Ban taɓa shi ba!" in ji Auta.

Sufeto ya ja ta gefe. "'Yata, dube ni. Ƙarya ɗaya tak ta isa ta ɗaure ki."

Ta fashe da kuka. "Ya ba ni. Ya ce in riƙe zai je ya dawo, a gaban mutane ma ya faɗa da ƙarfi. Amma ko kusa da kabad ɗin ban je ba."

Sufeto ya wuce sito da kwalbar. Matar da ke kula da wurin ta sa tabarau, ta karanta lambar jikin kwalbar, ta sake karantawa.

"Yallaɓai, wannan ba ta cikin waɗanda suka ɓace. Kwalin da ke da wannan lamba tun bara ya ƙare."

"Kin tabbata?"

"Ni na karɓe shi da hannuna. Lokacin ko sunan yarinyar nan ba mu taɓa ji ba."

Yana fitowa ya ci karo da malamar da ke rarraba ɗalibai wuraren aiki, ta iso a guje, takalminta ɗaya ya tsinke.

"Kuma an sake?" ta ce tana haki.

"An sake me, Malama?"

Ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita. Bara ma haka aka yi da wani yaro. Shekarar da ta gabace ta kuma wata yarinya ce. Duk a jaka aka samu kwalba. Baban Ɗalibai da kansa ya roƙi a rufa wa yaran asiri, kada a kira hukuma, makaranta kuwa ta sallame su shiru. Bana ne kawai sabon shugaban asibiti ya ce sai an kira 'yan sanda.

"Yaron bara har ƙasa ya durƙusa yana rantsuwa," in ji ta. "Ni na rubuta takardar korarsa."

Sufeto ya koma ɗakin magani, ya rufe ƙofa. Fanka na juyawa, amma dattijon gumi yake yi.

"Baba, kwalbar bara ce ka saka wa yarinyar bana. Naɗe mini hannun rigarka."

"Yallaɓai, da girmana?"

"Naɗe."

Ya naɗe a hankali. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu tabon allura ne, sabo a kan tsoho. Mai kula da sito, da ta biyo Sufeto ciki, ta dafe bango tana salati.

"Shekara huɗu ke nan," ya ce, kansa a ƙasa. "Tun da na yi haɗarin mota. Kaɗan kaɗan nake ɗauka, in giɓin ya yi yawa sai in jira lokacin zuwan ɗalibai. Wa zai yarda da yaro ya bar ni?"

"Kai ka zaɓi Auta?"

"Na karanta takardarta. Na ga mahaifinta ya rasu, na ce ba mai tsaya mata."

Auta ta ɗago kai. "Baba, jiya fa ka ce da ni zan zama babbar mai haɗa magani."

Bai dube ta ba. Sajen da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, aka fita da shi ta gaban masu jiran magani, wasu har suna miƙewa su gaishe shi kafin su lura da hannuwansa.

Malama ta zauna a kan benci, ta lalubo lambar mahaifiyar yaron bara. Sau uku tana dannawa tana katsewa. A na huɗu aka ɗauka.

"Mama, ni ce malamarsa," ta ce. "Don Allah yana kusa? Gaskiya ya faɗa mana."