Ɗalibar Dakta Rekiya

A Karmo suka fara haɗuwa, ranar rigakafin ƙyanda. Rumasa'u na rataye da akwatin allurai, tana lallashin wata mata da ta ɓoye ɗanta a bayanta, sai ga motar Dakta Rekiya ta tsaya a bakin layin. Wani dogon saurayi ne ya tuƙo ta.

"Malam direba, don Allah riƙe min wannan," in ji Rumasa'u, ta miƙa masa akwatin ko kallonsa ba ta yi ba.

Dakta ta yi dariya. "Ɗana ne fa, Nazeer."

Sai a lokacin ta ɗago, suka haɗa ido. Kunya ta kama ta, shi kuwa ya ƙi sakin akwatin har aka tashi aiki.

Dakta Rekiya babbar jami'a ce a wata hukumar lafiya ta tarayya. Ita ta riƙe Rumasa'u tun tana aji ɗaya a jami'a, lokacin da 'yar manomin doyan nan ta Yangoji ta faɗi jarrabawa har ta fara haɗa kayanta za ta koma gida. Duk Asabar Dakta kan zaunar da ita a falonta na Wuse, ta koya mata karatu, ta koya mata tsayawa gaban mutane ta yi magana. Yanzu Rumasa'u na shekarar ƙarshe, Dakta na nema mata gurbin digiri na biyu kan cututtuka masu yaɗuwa.

Washegarin ranar rigakafin, saƙon Nazeer ya shigo wayar Rumasa'u:

"Likitata, tun jiya zuciyata ba ta da lafiya. Akwai rigakafin wannan?"

Ta daɗe tana murmushi kafin ta amsa: "Babu. Sai dai haƙuri, Yallaɓai."

Haka suka yi watanni suna ɓoye abin. Amma Nabilah, 'yar aminiyar Dakta wadda ta daɗe da sa rai da Nazeer, ta gan su a kasuwar Wuse. Ba ta yi wata-wata ba ta kai wa Dakta labari, ta ƙara da cewa Rumasa'u ta ce da zarar an ɗaura aure ta gama da boko.

Ranar Asabar Rumasa'u ta zo da littattafanta. Dakta ba ta ce ta zauna ba.

"Na buɗe miki gidana don karatu. Abin da ya kawo ki ke nan?"

"Dakta, wallahi ni..."

"Ban yarda da maganar nan ba. Ki je."

A cikin tasi ta yi kukanta. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci: don ita 'yar ƙauye ce. Ta rubuta masa:

"Nazeer, ka manta da ni. Duk abin da na zama, mahaifiyarka ce sila. Ba zan saka mata da ɓacin rai ba."

"Rumasa'u, ki ɗauki wayata. Mami ba ta fahimta ba ne. Ni dai ba ni da wata sai ke."

Ba ta ɗauka ba.

Da damina ta yi nisa, kwalara ta ɓarke a Karmo. Rumasa'u ta shiga cikin masu sa kai, suna bi gida-gida suna zuba magani a rijiyoyi, suna kwasar marasa lafiya zuwa tanti. Nazeer ma ya zo da motarsa yana jigila, ta ƙi yarda su haɗa ido. A tantin ne, tana ɗura wa wata yarinya ruwan gishiri da sukari, ta ji an tsaya a kanta. Dakta ce.

"Me kike yi a nan? An ce min kin gama da wannan aikin."

Rumasa'u ta miƙe. "Wa ya ce? Dakta, in don ni 'yar Yangoji ce kika ƙi, na haƙura da shi. Amma aikin nan ba zan bar shi ba, da aure ko babu."

Idon Dakta ya kawo ruwa.

"Yangoji? Ni ma a ƙauye aka haife ni. Akwai yarinyar da na riƙe kamar ke, tana yin aure mijin ya hana ta fita. Tsoro na ji kar ɗan cikina ya yi miki haka."

Nazeer, da ya shigo ɗauke da jarkar ruwa, ya ajiye ta ya durƙusa.

"Mami, ki sa sharaɗi a gaban iyayenta. Karatunta da aikinta, ni zan tsaya musu."

"Za ka faɗa a gaban mahaifinta, da bakinka."

Ya kuwa faɗa. Bayan Rumasa'u ta karɓi sakamakonta, da takardar gurbin digiri na biyu a hannu, aka ɗaura aure a masallacin Yangoji. Da aka zo tafiya da amarya, Dakta da kanta ta kama hannunta ta sa a na Nazeer.

"Ga 'yata nan, amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa al'umma ta amfana da ku."

Rumasa'u ta ɗago cikin lulluɓi, murya ƙasa-ƙasa. "Amin, Mami."